Daga Zangon Fatake Zuwa Tashar Kano: Tarihin Hanyarmu Da Abin Da Ke Rage Mata Nisa

'Yan uwana Hausawa mazauna Yerwa da kewaye, da ma waɗanda suka taɓa zama suka koma gida. Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wata aba da ta haɗa mu duka, wato hanyar da ta kawo mu garin nan, wadda kuma ita ce take mayar da mu gida duk lokacin da Sallah ta zo, ko aka yi biki ko rasuwa.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa shi ne, kwanakin baya na ce wa ɗan autana ya shirya za mu je Kano gaida dangi, sai ya ɓata rai ya ce shi dai tafiyar nan tana gundurarsa, wuni guda mutum yana zaune a mota kamar buhun gero. Na yi dariya, amma daga baya maganar ta tsaya mini a rai. Domin kuwa idan 'ya'yanmu suka ƙi hanya, to sun ƙi dangi ke nan, tunda masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Shi ya sa na ga ya dace in ba da tarihin hanyar nan gwargwadon abin da na karanta da wanda na ji daga bakin manya da wanda na gani da idona, sannan in kawo shawarwari kan abin da ke sa tafiya ta yi sauƙi ta kuma yi daɗi.

Zamanin jaki da takarkari

Zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Barno ta girmi Maiduguri nesa ba kusa ba. Garin nan da muke ciki a 1907 aka kafa shi, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa kusa da barikin Turawa. Kafin nan Kukawa ce alƙiblar fatake, birnin da Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi ya kafa a 1814, wanda Rabe ya rusa a 1893. Fatake kan ɗauko tufafin Kano, musamman baƙin rini mai ƙyalli irin na Kura, da goro, su koma da kanwa da gishirin mangul da dawaki. Tun a wancan lokaci Barebari suke kiranmu Afuno, sunan da har gobe muke amsawa a kasuwa.

Don mai karatu ya gane nisan, Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851, ya bi ta Gumel, bai shiga Kukawa ba sai farkon Afrilu. Shi ke nan mai doki da raƙumi. Ayarin fatake mai jakuna da takarkarai da mata da yara ya fi haka daɗewa.

To yaya suka yi suka iya? Amsar ita ce tsari. Ba wanda yake kama hanya shi kaɗai. Ayari yana da madugu wanda ke yanke shawara ya kuma sasanta da sarakunan garuruwan da za a ratsa, akwai jagaba a gaba mai sanin hanya da mashaya, akwai uban dawaki, akwai malami mai addu'a da duba ranar tashi. Ana tashi da asuba, kafin rana ta take an sauka a zango. A zangon nan ne ake sauke gajiya: mata su ɗora tukunya, a ɗaure dabbobi, bayan an ci abinci a kewaye wuta. Mai gurmi ko mai kukuma ya ɗauko abinsa, tsofaffi su shiga labarin Gwanja da na 'yan fashin da aka taɓa kora, yara su yi ta tatsuniya da kacici-kacici har barci ya kwashe su. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan hoto, domin za mu dawo kansa.

Kakana da tafiyar da ba ta ƙare ba

Da yawa daga cikinmu ba fatauci ne ya kawo iyayenmu nan ba, niyyar Makka ce. Maiduguri ita ce babban zango na ƙarshe a Nijeriya ga alhazan ƙasa. Daga nan a bi ta Dikwa da Gamboru, a tsallaka Kusuri a shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a wuce Abeshe, a shiga Sudan ta Janaina da Fashir har El Obeid inda ake samun jirgin ƙasa, daga nan sai bakin Bahar Maliya, a tsallaka Jidda ta Sawakin. Mutane kan yi shekaru a hanya, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba. Garin Mai Wurno da ke Sudan, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne kan yawan mutanenmu da hanyar nan ta haɗiye.

Kakana na wajen uba baduku ne daga wani ƙauye a gabashin Kano. Shi da kakata suka fito a ƙasa da niyyar aikin Hajji. Da suka iso Yerwa damina ta faɗi, kuma duk wanda ya san baƙar laka ta wajen Dikwa ya san ba a taka ta da damina. Ga shi kakata tana da tsohon ciki. Sai wani mai masauki a Hausari ya ba su ɗaki ya ce su jira kaka. Aka haifi mahaifina. Da kaka ta yi aka ce a bari yaro ya yi ƙwari. Kafin ya yi ƙwari an sami ƙanwarsa, kuma Barebari sun gano kakana ya iya ɗinkin sirdi da linzami. Haka shekara ta bi shekara.

Na tashi na tarar da shi tsoho tukuf, amma duk wanda ya tambaye shi ko shi ɗan garin nan ne, sai ya ce a'a, shi mai wucewa ne. Gorarsa da sandarsa suna rataye a bangon ɗakinsa har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin wahalar hanya ba. Abin da yake yawan ba mu labari shi ne mutanen da suka yi tafiyar tare: wani makaho mai waƙoƙin bege da ya riƙa ɗebe musu kewa tun daga Hadeja, da wani Bazazzagi mai ban dariya wanda ko an kwana da yunwa sai ya sa an yi dariya. Sunayen garuruwan sun ɓace masa, amma na mutanen nan ba su ɓace ba.

Shigowar mota da jirgi

Jirgin sama ya riga kwalta zuwa garin nan. A 1925 jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Kano, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu filin jirginmu ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake ɗaukowa daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Khartum da Alƙahira. Sai dai wannan ba abin hawan talaka ba ne. Abin da ya canja rayuwar iyayenmu shi ne babbar mota.

Bayan yaƙin, manyan motoci suka yawaita. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, wadda sunanta ya bi wurin nan na Fagge da ake canjin kuɗi. Motocin alhazai ta nan suke bi su nufi Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta Kano zuwa Yerwa kuwa ta koma ta 'yan kwanaki.

Mahaifina ya sha ba mu labarin shiga irin waɗannan motoci masu bodin katako. Kaya a ƙasa, mutane a sama, ƙura ta mayar da kowa ja kamar an tono shi. Idan aka yi ruwa sai a sa shinge a tsare motoci har hanya ta sha iska, don kada su lalata ta. Idan mota ta kafe kowa ya sauko a tura, yaron mota yana biye da weji a hannu. Wannan yaron mota shi ne wanda marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi wa shahararriyar Waƙar Karen Mota, kuma duk wanda ya taɓa ganin rayuwarsu ya san bai yi ƙari ba. A nan ma, in ji mahaifina, ba a rasa mai ba da labari ko mai rera waƙa a saman kaya, kuma duk wanda ya kwance ƙullin guzurinsa sai ya miƙa wa na kusa da shi.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Nguru a 1930, amma Maiduguri sai a 1964 ta ji kukansa. An jawo layin ne daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe da Buni Yadi, tsawon kimanin kilomita 640, da rancen da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a 1958. Ga mai zuwa Kano jirgin zagaye ne, domin sai ya gangara Kafanchan ya hau Kaduna kafin ya juyo arewa, shi ya sa Kanawa suka fi son mota. Amma ga 'yan uwanmu Zagezagi da mutanen Jos da masu kai shanu da busasshen kifi Kudu, jirgi ya zama rahama.

Sau biyu na shiga shi ina yaro, kuma har yau ban manta ba. Jirgi gari ne guda mai tafiya. Ga masu karta a wannan lungu, ga mai tallar magani yana rantse-rantse a wancan, ga almajiri yana bin tarago-tarago yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, mata suna jefa masa kwabo. Kowace tasha da abin da aka san ta da shi, ana miƙo rake da dafaffen ƙwai da fura ta taga. Yakan yi latti, wani lokaci ya tsaya a daji ba wanda ya san dalili, amma ban taɓa jin yaro ya ce ya gaji da jirgi ba.

Zamanin kaset

Ni dai zamanina shi ne na fijo da kaset. Bayan an buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, fijo 504 mai dogon baya ta mamaye tashoshi, daga baya J5 da hayis suka biyo. Ga kwalta ta samu. Tsakanin Maiduguri da Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ka bar Tashar Kano ko ta Borno Express da sassafe, ka wuce Auno da Jakana da Mainok da Benishek da Ngamdu, ka sha shayi a Damaturu, ka ci abinci a Potiskum, ka yi sallah a Azare, ka tsallake gadar Jama'are da ta Wudil, la'asar ta yi maka a Kano. Wasu ma da daddare suke tafiya saboda sanyi, ba abin da suke tsoro sai barcin direba da shanun da ke tsallaka titi.

A cikin motar nan direba shi ne sarki, akwatin kaset ɗinsa kuwa ita ce fadarsa. Da safe karatun Alƙur'ani. In rana ta ɗaga sai wani fasinja ya zaro kaset ɗin tafsirin malaminsa daga aljihu, na bayansa ya ce ai shi ma yana da na nasa malamin, kafin ka ce kwabo musu ya kaure tsakanin ɗan Izala da ɗan ɗariƙa. Direba mai wayo ba ya tanka musu, sai dai kawai ya danna Shata. Wallahi na sha ganin wannan, da zarar kalangu ya tashi sai ka ga duk su biyun sun yi shiru, can kuma ka hangi ƙafar ɗayansu tana motsi a ƙarƙashin kujera. Idan zare ya sarƙe, na gaban mota ne mai aikin zaro shi ya naɗe da biro.

Mu na Yerwa kuma muna da wani ƙari da sauran ƙasar Hausa ba su da shi sosai, wato waƙoƙin Sudan da kiɗan gangar Barebari. Na tuna wani direba Shuwa da ya kai mu Kano, tun daga Njimtilo har Wudil waƙar Sudan yake sa wa, wata tsohuwa Bakatsiniya ta yi ta mita, amma da muka sauka sai ga ta tana tambayarsa inda ake sayar da kaset ɗin. Daga baya finafinan Hausa suka zo, tun daga Turmin Danya a 1990, har zuwa su Sangaya da Wasila da waƙoƙinsu suka cika tashoshi, ga barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro da ake sa wa a manyan bas masu talabijin, mota guda ta kwashe da dariya lokaci ɗaya.

Shekarun da hanya ta yi shiru

Ba sai na tsawaita a nan ba, domin kowannenmu yana da nasa tabon. Daga rikicin Yulin 2009 al'amura suka fara sauyawa. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya, mutum ya kama hanya iyalinsa ba su da labarinsa sai ya isa inda akwai sabis. A watan Satumba na shekarar aka tare hanya a Benishek aka kashe matafiya masu yawa. A watan Disamba aka kai hari sansanin sojan sama, aka dakatar da jiragen fasinja na tsawon lokaci. Hanyoyin Bama da Dikwa da Damboa da Baga duk suka zama sai da rakiyar soja ko kuma a rufe, ta Damaturu kaɗai ta rage mana. Jirgin ƙasa kuwa ya daina zuwa, yaran da aka haifa a shekarun nan sun girma ba su san kukansa ba. Sannan a watan Fabrairun 2020 aka auka wa matafiyan da dare ya yi musu a Auno bayan an rufe ƙofar shiga gari, aka kashe aƙalla mutum 30. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

A shekarun nan kilomita 130 da ɗoriya da ke tsakaninmu da Damaturu sun fi mana nisa a kan tafiyar kakana. Da yawa cikinmu an yi rasuwa a gida ba mu je ba, an aurar da 'ya'yan 'yan uwa sai dai mu aika da gudummawa. Wasu dangin suka yi fushi, suna ganin mun yar da su, alhali ba su san abin da ke tsakanin Jakana da Mainok ba.

A 2014 ƙanwar mahaifina ta rasu a Kano, wato jaririyar nan da ta hana kakana wucewa Makka. Na ce wannan kam ko me zai faru sai na je. Muka shiga mota mu goma sha wani abu, ba kaset, ba rediyo, ba mai kallon wani. Kowa yana zargin na kusa da shi, leɓuna kawai ke motsi. A kowane shinge a sauka a nuna katin shaida a taka a ƙasa. Bayan mun wuce Jakana sai wata yarinya 'yar kimanin shekara huɗu ta fashe da kuka, uwarta ta yi lallashi ta gaji, wani mutum ya daka mata tsawa ya ce ta rufe wa yarinyar baki.

Sai wata tsohuwa da ke kujerar baya ta miƙo hannu ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba wanda ya amsa. Ta sake faɗa. Can sai direba, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Ta zo mu ji ta." Wani saurayi ya ce, "Iya, tatsuniya da rana tsaka? Ai an ce mai yi ɓata yake." Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya baro gidansa ya biyo hanyar nan a wannan zamani, wace ɓata ce ta rage masa?" Mota ta kwashe da dariya, har da mai tsawar. Ta kawo ta Gizo da Ƙoƙi, daga nan wani ya karɓa da tasa, wani ɗan kasuwa ya fito da dabino ya zagaya da shi. Ba mu ankara ba sai ga Damaturu. Hatsarin hanya bai ragu da komai ba, amma mun shiga motar muna baƙin juna, mun fita muna musayar lambar waya. A ranar na gane abin da ya sa kakana ya manta sunayen garuruwa bai manta na mutane ba.

Shawarwari ga mai kama hanya

Alhamdu lillahi, al'amura sun yi sauƙi idan aka kwatanta da wancan lokaci, kuma aikin mayar da hanyar tagwaye, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006 aka yi shekara da shekaru ana jan ƙafa, ya rage wahala a sassan da aka gama. Duk da haka hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ga abin da na koya.

Na farko, a yi sammako, kuma a shiga mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja, a bar tsayar da ta bakin titi don ragin kuɗi kaɗan. Mai tasowa daga Kano ya lissafa tafiyarsa yadda zai wuce Damaturu da sauran rana. In ya ga yamma ta yi, ya kwana a Potiskum ko Damaturu. A tambayi direbobi halin da hanya take ciki tun ana gobe, domin sun fi kowa sani, kuma matambayi ba ya ɓata. Katin shaida ya kasance a aljihun gaba, a cika waya da caji, a sanar da wani a gida lambar motar.

Na biyu, guzuri. Ruwa, dabino, aya, ƙuli-ƙuli, dambun nama ko kilishi, abin da ba ya lalacewa kuma ba ya ɓata ciki. A ɗebi fiye da abin da za a ci, saboda na kusa da kai. Kada kuma a manta addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, akwai ƙasaru akwai haɗa salloli, ba sai an tayar wa direba da hankali a tsakiyar daji ba.

Na uku, abin saurare. A sauke shi a waya tun a gida, domin sabis yana ɗaukewa a wurare da dama. Ni ga yadda nake raba tawa tafiyar. Daga Maiduguri zuwa Damaturu karatun Alƙur'ani, zuciya ta fi natsuwa da shi a wannan yanki. Daga Damaturu zuwa Potiskum sai Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, domin doguwa ce kuma tafiyar kalangunta ta dace da tafiyar mota. Bayan an ci abinci a Potiskum barci yakan kawo hari, to nan ne wurin Ɗan Anace da waƙar Shago, ko Musa Ɗanƙwairo, waɗanda ba sa barin ido ya rufe. Daga Azare zuwa Wudil, lokacin da jiki ya yi laushi, sai a sassauta da kuntigin Ɗanmaraya ko gurmin Haruna Uji, mutumin Hadeja. Iyaye mata ba sai na tuna musu da Barmani Choge ba. Matasa kuma ga Aminu Ala, wanda ke da Hausa mai zurfi da za ta amfane su, ga su Nura M. Inuwa.

Na huɗu, abin karantawa da kallo. Wanda karatu a mota ba ya sa shi jiri, ya riƙe Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ruwan Bagaja ma ai labarin tafiya ne daga farko har ƙarshe, kuma zai ƙare kafin a kai Azare. Mai son abin da ya shafi tarihin da muka tattauna ya nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ga yadda tafiya take a zamanin bauta da ayarin Sahara, ko Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Imam ya ba da labarin zuwansu Ingila a 1943. Masu son soyayya ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Wanda ke jiri kuwa, yanzu akwai masu karanta littattafan Hausa da murya a YouTube. A ɓangaren kallo, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya dace da mu ƙwarai, domin ya taɓo rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ga kuma Labarina na Aminu Saira ga mai son dogon labari.

Na biyar, yara. Kada a miƙa musu waya a ce shi ke nan. A sa su haddace garuruwan hanya bi da bi, wanda ya faɗi na gaba daidai a ba shi alewa. A nuna musu kasuwar shanu ta Potiskum, a gaya musu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A nuna musu kogin Jama'are da na Wudil. A yi musu kacici-kacici, a gaya musu ta ina kakansu ya biyo da abin da ya kawo shi.

Na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran a wurina. Yanzu za ka shiga mota ka ga mutum goma sha takwas kowa ya toshe kunnuwansa, kowa da nasa Shatan, a yi tafiyar wuni guda ba wanda ya san sunan wani. Abin sauraro ya fi na da yawa, amma gajiyar ta fi ta da, kuma ina ganin wannan ce gundurar da ɗana yake kuka da ita. Tun daga zangon fatake har zuwa fijo mai kaset, nishaɗin hanya abu ne da ake tarayya a kansa. Saboda haka ɗan uwa, ka cire abin kunnen ko da na gefe guda ne. Ka yi wa na kusa da kai sallama, in Babarbare ne ka ce masa wushe, ka miƙa masa dabino, ka tambaye shi inda ya nufa. In direba ya yarda, a haɗa wayar mutum ɗaya da rediyon mota kowa ya ji.

Mun yi tafiyar da ɗan autan nawa. Ban ce ya daina mita gaba ɗaya ba, amma a dawowa shi ne ya riƙa faɗa wa wani yaro sunayen garuruwa tun daga Wudil, ya kuskure biyu kacal. Da muka iso gida ya tambaye ni ina gorar kakan nan take. Tana nan a ɗakin yayana a Hausari, na kuma yi masa alkawarin kai shi ya gani ranar Juma'a.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya dawo da zaman lafiya mai ɗorewa a Barno da Nijeriya baki ɗaya, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin. Wanda yake da labarin yadda nasa iyayen suka iso Yerwa, don Allah ya zauna da 'ya'yansa ya ba su tun yana da iko.

Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.